Gani Ya Kori Ji: Yadda Malaman Jami'a Ke Auna Ilmin Aikin Hannu

Gabatarwa

A ƙaddara ana jarrabawar aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje na sashen ilmin halittu a wata jami'a. An ajiye wa kowane ɗalibi kwalba mai ɗauke da wani ruwa garai, aka ce ruwan sukari ne, a gwada shi da sinadarin Benedik, a rubuta abin da aka gani. Duk wanda ya yi sakandare ya haddace cewa idan aka zuba wannan sinadari mai launin shuɗi a cikin ruwan sukari aka ɗumama, launin yakan juye kore, ya koma rawaya, daga bisani ya zama ja irin na jan bulo. Ɗalibi na farko ya zuba, ya ɗumama, ya jira, ruwa ya ƙi canzawa. Ya dubi agogo, ya ɗauki alƙalami ya rubuta "ja irin na bulo", domin haka littafi ya ce. Ɗaliba ta biyu ita ma nata ruwan bai canza ba. Ta wanke kwalbar gwaji, ta sake yi, bai dai canza ba. Sai ta rubuta: "Launi ya tsaya shuɗi har sau biyu. Mai yiwuwa wannan sukari ba ya cikin waɗanda sinadarin Benedik ke kamawa kai tsaye."

Abin da ke cikin kwalbar kuwa sukarin rake ne, watau sukuros, irin wanda ake zubawa a shayi. Shi ba ya canza launin sinadarin Benedik sai an fara dafa shi da asid da aka sirka da ruwa, ya rabe zuwa gulukos da furuktos, sa'an nan a kashe ƙarfin asid ɗin kafin a gwada. Da gangan malamin ya zaɓe shi. Ɗalibi na farko ya san littafi, amma ya ƙaryata idonsa. Ɗaliba ta biyu ta gaskata idonta, ta kuma yi tunani a kan abin da ta gani, don haka ita ta samu maki.

Wannan misali ya ƙunshi matsalar da ke gaban kowane malamin kimiyya a jami'a. Abin da ɗalibi ya haddace ana iya auna shi da takarda da alƙalami cikin sa'a biyu. Abin da hannunsa ya iya, da abin da idonsa ke lura da shi, da gaskiyar da yake faɗa game da aikinsa, waɗannan sai an nemo musu wasu ma'aunai. Wannan darasi zai bayyana ma'aunan, da dalilin kowane, da kuma abin da ɗalibin sakandare da malaminsa za su ɗauka daga ciki tun yanzu.

Dalilin da ya sa takarda ba ta wadatar ba

Tun a shekarar 1938 masanin tarbiyya na Amurka John Dewey ya yi bayani cewa aiki yana koyarwa, amma ba kowane aiki ne ke zama ilmi ba, sai wanda aka yi tunani a kansa, ya kuma buɗe ƙofar wani aikin. A 1984 wani Ba'amurke, David Kolb, ya tsara wannan ra'ayi a matsayin da'ira mai matakai huɗu: mutum ya aikata abu da kansa, ya waiwayi abin da ya faru, ya fitar da ƙa'ida daga ciki, sa'an nan ya gwada ƙa'idar a wani sabon aiki. Ɗalibin da ya yanka ganye ya duba a madubin likita, watau maikuroskof, amma bai tambayi kansa dalilin da ya sa bai ga komai ba sai duhu, ya tsaya a mataki na farko. Wanda ya gane cewa yankan ne ya yi kauri har haske ya kasa ratsawa, ya sake yanka siriri, shi ne ya kewaya da'irar.

A 1990 wani malamin likitanci mai suna George Miller ya kwatanta ƙwarewa da dala mai hawa huɗu. A ƙasa akwai sani. Sama da shi akwai sanin yadda ake yi. Sama da wannan akwai nuna yadda ake yi a gaban mai jarrabawa. A ƙololuwa kuma akwai aikatawa a wurin aiki na gaskiya, lokacin da babu mai sa ido. Jarrabawar rubutu tana isa hawa na ɗaya da na biyu. Hawa na uku da na huɗu ba ta kai musu ba.

Ba maki kaɗai ke cikin wannan magana ba. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin tabbatar da cutar ita ce a shafa jini a kan gilashi, a rina shi, a duba a madubin likita. Ma'aikacin da ya ci jarrabawar rubutu da kyau, amma ba ya iya bambanta ƙwayar cutar da dattin rini, zai sa a ba mai lafiya magani, ko a sallami majiyyaci ya koma gida da cutarsa. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsarin gwada masu wannan aiki: a ba su gilasan jini da aka riga aka san abin da ke cikinsu, a ga ko za su gano ƙwayar cutar, su faɗi nau'inta, su ƙidaya yawanta, sa'an nan a sanya kowa a matakin ƙwarewa daga na 1 zuwa na 4. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Matsalar mai ba da maki

Idan an yarda cewa dole a kalli ɗalibi yana aiki, sai wata matsala ta taso, watau shi mai kallon ɗan Adam ne. A shekarun 1912 da 1913 wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, sun raba wa malaman sakandare fiye da 100 kwafin takardar amsa guda ɗaya ta lissafin joometiri, suka ce kowa ya ba ta maki bisa 100. Makin da aka ba wannan takarda ɗaya ya kama daga ƙasa da 30 har zuwa sama da 90. In haka ta faru a lissafi, inda ake ganin amsa ɗaya ce, ina ga aikin hannu, wanda yake wucewa a gaban ido cikin 'yan mintoci?

Har ila yau, a 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya nuna cewa idan mai auna mutum ya gamsu da shi ta fuska ɗaya, yakan ɗaga masa maki a sauran fuskokin ba tare da ya sani ba. Ɗalibi mai tsabtar riga da iya magana yakan ci wannan riba, mai kunya da in'ina kuwa ya yi hasara, ko da hannunsa ya fi na wancan.

Domin rage wannan zalunci da ba a yi niyya ba, malaman jami'a sukan bi ƙa'idoji uku. Na farko, a rubuta abin da za a duba tun kafin a fara, kuma ɗalibai su san shi. Na biyu, a auna ɗalibi sau da yawa a ayyuka dabam-dabam, kada a yanke masa hukunci da rana ɗaya. Na uku, ido fiye da ɗaya ya duba. Duk hanyoyin da za a ambata a ƙasa a kan waɗannan ƙa'idoji aka gina su.

Hanya ta farko: kallon ɗalibi da jerin matakai

A nan malami yakan rarraba aiki zuwa ƙananan matakai da ido ke iya gani, ya sa wa kowane maki. Alal misali, idan aikin shi ne shirya fatar albasa domin dubawa a madubin likita, takardar mai jarrabawa tana iya kasancewa kamar haka:

1. Ya goge gilashin ɗora samfur da murfinsa kafin ya fara: maki 1
2. Ya ɓare siririyar fatar cikin albasa ba tare da namanta ba, ya shimfiɗa ta ba ta naɗe ba: maki 2
3. Ya ɗiga aidin ɗigo ɗaya, bai malala ba: maki 1
4. Ya sauke murfin a karkace, sannu a hankali, iska ba ta maƙale a ƙarƙashi ba: maki 2
5. Ya fara dubawa da ƙaramin idon madubi: maki 1
6. Da ya koma babban ido, ya daidaita da ƙaramin maɓalli kaɗai: maki 2
7. Ya share wurin aikinsa, ya mayar da kaya: maki 1

Jimla maki 10 ke nan, kuma kowane mataki da dalilinsa. Kumfar iska da ta maƙale a ƙarƙashin murfi takan fito a madubi kamar zobe mai baƙin baki, har sabon ɗalibi ya ɗauka ƙwayar halitta ce ya zana ta. Wanda kuwa ya murɗa babban maɓalli alhali yana kan babban ido, yana iya kai idon ya bugi gilashin, ya fasa shi, ya kuma lalata madubi mai tsada.

Amfanin wannan jeri shi ne malamai biyu da ke kallon ɗalibi ɗaya za su ba shi maki kusan iri ɗaya, kuma ɗalibin da ya faɗi zai san daidai inda ya faɗi. Amma yana da rauni. Bincike a makarantun likitanci ya nuna cewa ƙwararre yakan tsallake wasu matakai domin ya riga ya san inda zai dosa, sai jerin ya rage masa maki, ya ba sabon shiga da ke bin komai ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka malamai da yawa sukan ƙara wani gurbi a ƙasan takardar, inda mai jarrabawa zai faɗi ra'ayinsa a dunƙule: ya ƙware, ko ya iya, ko yana bukatar a tsaya a kansa, ko bai iya ba.

Hanya ta biyu: jarrabawar tashoshi

A da, ɗalibin likitanci a Birtaniya akan ba shi majiyyaci ɗaya ya duba, malamai su yi masa tambayoyi a kansa. Wanda ya dace da cutar da ya karanta jiya ya haye, wanda ya faɗa kan wata baƙuwar cuta ya sha ƙasa. A 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Jami'ar Dandi ta ƙasar Sikotlan suka wallafa wata sabuwar hanya. Akan shirya tashoshi da yawa, kowace da aikinta, ɗalibi ya yi kamar minti biyar a kowace, a kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba. Kowa yana bi ta tashoshi iri ɗaya, ana kuma auna shi da ma'auni iri ɗaya. Wannan hanya ta bazu a makarantun likitanci na duniya, ta kuma shiga sassan kimiyya.

A sashen ilmin halittu, tasha ta farko tana iya zama ƙashin wata dabba, a ce ɗalibi ya faɗi daga wane sashen jiki ya fito, da hujjarsa. Ta biyu fure, a ce ya tsaga shi ya nuna sassan haihuwa. Ta uku madubin likita da aka saita, a ce ya lissafta ƙarfin ƙara girmansa, watau idan idon sama yana ninkawa sau 10, na ƙasa kuma sau 40, jimla sau 400 ke nan. Ta huɗu kwalaben gwajin abinci: aidin da ke mayar da sitaci shuɗi mai duhu kamar baƙi, da sinadarin Bayuret da ke komawa shunayya idan akwai furotin. Hikimar tashoshi ita ce sa'a ba ta da wuri mai yawa a ciki. Mutum yana iya dacewa a tasha ɗaya, amma ba ya dacewa a goma sha biyar.

Hanya ta uku: zane da littafin gwaji

Zanen ilmin halittu ba gasar iya zane ba ce. Shaida ce ta abin da ido ya gani. Mai jarrabawa yana duba ko an yi shi da fensir mai tsini, da layi ɗaya miƙaƙƙe wanda ba a yi ta maimaitawa ba, babu inuwa, layukan suna an ja su da rula ba su gitta juna ba, akwai take, akwai kuma ƙimar girma. Idan ƙwayar wake tsawonta santimita 1 ne, zanen kuma santimita 8, sai a rubuta ×8 a gefe.

A nan ma akan gane wanda ya zano daga ƙwaƙwalwa. Hoton ƙwayar halittar tsiro da ke cikin littattafai yana ɗauke da kuloroflas, watau koren sashen da ke haɗa wa tsiro abinci da hasken rana. Fatar cikin kan albasa kuwa ba ta da shi, domin kan albasa ma'ajiyar abinci ne da ba ya samun haske. Duk ɗalibin da ya zana kuloroflas a fatar albasa ya sanar da malaminsa cewa littafi ya kwafo, bai dubi madubi ba.

Littafin gwaji kuma shi ne inda ɗalibi ke rubuta kwanan wata, da manufar gwaji, da kayan aiki, da abin da ya yi, da alƙaluman da ya samu, nan take yana tsaye a kan benci. Malamai da yawa sukan sa hannu a shafin kafin ɗalibi ya fita, domin kada a je ɗaki a gyara alƙaluma. Idan an yi kuskure, ƙa'ida ita ce a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe. Ba a yage shafi. Littafin da babu gyara ko ɗaya a cikinsa tun daga farko har ƙarshe yakan sa gogaggen malami shakka, domin aikin gaskiya ba ya rasa tuntuɓe.

Hanya ta huɗu: aikin fili

Wani ilmin ba ya shiga ɗakin gwaji. Sassan ilmin halittu sukan kai ɗalibai gonar jami'a, ko bakin kogi, ko wurare irin su gandun dajin Yankari a jihar Bauci da dausayin Haɗeja zuwa Nguru a jihohin Jigawa da Yobe. A can ana koyon ƙidayar tsirrai da firam mai murabba'in mita ɗaya, da tattara samfur, da kiyasta yawan dabbobi.

A ɗauki kiyasta yawan fara a wani fili. Ɗalibai sun kama fara 40, sun ɗiga wa kowace fenti a baya, sun sake su. Washegari sun kama 50, suka tarar 10 daga ciki suna da fenti. Lissafin shi ne 40 sau 50 a raba da 10, watau fara 200 a filin. Wannan lissafi ko ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai iya, don haka makinsa kaɗan ne. Inda maki ya taru shi ne tambayoyin da ke biye. Idan raɓa ta wanke fentin wasu fa? Sai masu alama su ragu a kamu na biyu, kiyasin ya haura gaskiya. Idan fentin mai haske ne har tsuntsaye suka fi ganin masu alama suka cinye su fa? Haka nan kiyasin zai kumbura. Idan kuma an koma kamu bayan minti goma, kafin masu alama su gauraya da sauran, sai a sake kama su da yawa, kiyasin ya gaza gaskiya. Ɗalibin da ya iya wannan bayani ya nuna cewa ya san abin da adadin 200 ya dogara a kai, ya kuma san iyakar amincinsa.

Hanya ta biyar: koyon aiki a ma'aikata

A 1971 gwamnatin Nijeriya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wanda aka fi sani da ITF. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES, bayan koke-koken masu masana'antu cewa masu fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma ba su san aiki ba. A ƙarƙashin shirin, ɗaliban kimiyya da injiniya da aikin gona da makamantansu sukan bar aji su je asibiti, ko masana'anta, ko hukumar ruwa, ko cibiyar bincike. A jami'o'i da yawa wata shida ake yi.

Wannan shi ne hawa na huɗu a dalar Miller, kuma shi ya fi wuyar aunawa, domin malami ba ya wurin. Saboda haka akan haɗa shaidu huɗu. Akwai littafin rajistar aiki da ɗalibi ke cikawa kullum, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu. Akwai rahoton shi shugaban game da zuwa aiki a kan lokaci da ɗa'a da ƙwazo. Akwai ziyarar malami daga jami'a. Akwai kuma rahoton ƙarshe da ɗalibi zai rubuta, ya tsaya gaban malaman sashensu ya kare shi. Rabon maki tsakanin waɗannan ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Wanda ya zauna a gida ya cike littafin a mako na ƙarshe, tambaya ɗaya takan tona shi: "Ka rubuta cewa ka yi rinin Giram. Me zai faru idan ka bar alkohol ya daɗe a kan gilashin?" Wanda ya taɓa yi ya sani, domin ya taɓa ganin bakteriyar da ya kamata ta fito shunayya ta fito ja-ja saboda alkohol ya wanke rinin farko.

Haka tsarin yake ga kundin bincike na shekarar ƙarshe. Malamin da ya kula da ɗalibi yana ba da maki a kan yadda ya yi aiki cikin watanni, malaman sashe suna sauraron kariyarsa, sa'an nan wani malami daga wata jami'a yana zuwa ya duba ko ma'aunin da aka bi ya yi daidai da na sauran jami'o'i.

Idan gwaji bai fito ba

Babban abin da ke firgita ɗalibi shi ne gwaji ya ƙi ba da sakamakon da ake tsammani. Ya kamata a sani cewa a tsarin awo mai kyau, mafi yawan maki yana kan hanyar da aka bi da bayanin da aka yi, kaɗan ne ke kan dacewa da littafi. Sinadari yakan lalace saboda daɗewa, wuta takan ɗauke ana tsakar aiki, iri yakan ƙi tsirowa. Ɗalibin da ya rubuta abin da ya faru, ya kawo dalilan da ke iya jawo shi, ya faɗi yadda zai bambance tsakaninsu idan aka ba shi dama ta biyu, ya yi kimiyya. Wanda ya ƙirƙiro alƙaluma ya aikata laifin da ya fi kowane muni a wannan fage, kuma a jami'a ana ɗaukarsa a matsayin maguɗin jarrabawa.

Tarihi yana da shaida a kan haka. A watan Satumba na 1928, a wani asibiti a birnin Landan, Alexander Fleming ya tarar da farantin da yake renon bakteriya ya gurɓace da fumfuna. Bisa al'ada, farantin ya lalace, sai zubarwa. Amma ya lura cewa bakteriyar da ke kewaye da fumfunar ta mutu, ya rubuta abin da ya gani, ya bi diddiginsa. Daga nan aka kama hanyar samun maganin fenisilin.

Matsalolin da suka rage

Ba a ce waɗannan hanyoyi sun kawar da kowace matsala ba. Ta farko ita ce yawan ɗalibai. Ajin shekarar farko a babbar jami'a yana iya ɗaukar ɗaruruwa, madubai kuwa 'yan kaɗan, ta yadda mutum goma za su taru a kan ɗaya. A irin wannan hali sai awo ya koma kan rahoto kawai, rahoto kuwa ana iya kwafe shi.

Ta biyu ita ce aikin rukuni. Idan mutum shida suka miƙa rahoto ɗaya aka ba su maki ɗaya, sau da yawa biyu ne suka yi aikin, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Maganin da malamai ke yi shi ne a raba makin gida biyu, wani na rukuni wani na mutum, a sa kowa ya rubuta nasa sharhin, a kuma zaɓi wanda zai amsa tambaya ba tare da an sanar da shi tun farko ba.

Ta uku sabuwa ce. Tun daga ƙarshen 2022 manhajojin kwamfuta masu rubutu kamar mutum, irin su ChatGPT, suka shiga hannun jama'a, kuma suna iya tsara rahoton gwajin da ba a taɓa yi ba cikin daƙiƙoƙi. Wannan ya rage darajar kyakkyawan rahoto a matsayin shaida, ya ƙara darajar tsofaffin hanyoyi: kallon hannu yana aiki, sa hannu a littafi tun a kan benci, da tambaya baki da baki.

Abin da sakandare za ta ɗauka

Tsarin ilmi na ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ya tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, maimakon a jira jarrabawar ƙarshe. Hukumomin WAEC da NECO kuma suna da takardar aikin hannu a darussan kimiyya. Amma a makarantu da yawa ɗalibi ba ya taɓa samfur sai ana saura 'yan makonni jarrabawa. Ɗalibai suna koyon abin da suka ga ana ba shi maki. Idan hadda ce kaɗai ke kawo maki, hadda za su yi.

Malamin da ba shi da ɗakin gwaji bai rasa abin yi ba. Aidin na kemis da kokon safe sun isa gwajin sitaci. Dankalin Turawa da aka yanka siri-siri, aka sa wani a ruwan gishiri wani a ruwa zalla, yana nuna yadda ruwa ke ratsa ƙwayoyin halitta: na gishiri ya yi laushi, na ruwa zalla ya yi tauri. Wake da auduga da gwangwani sun isa nazarin tsirowar iri. Idan aji mutum 60 ne, malami ya kalli 10 kowane mako da ɗan jerin matakai a hannunsa, cikin mako 6 ya ga hannun kowa. Ya karanta musu jerin tun farko, ya kuma faɗa wa kowa kuskurensa a ranar, tun abin bai fita daga ransa ba. Mafi muhimmanci, kada ya rage wa yaro maki don ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Ɗalibi kuma ya riƙe abu huɗu: ya taɓa kayan aiki da hannunsa ko da rukuni ake yi, ya zana abin da ke gabansa, ya rubuta alƙaluma nan take, ya kuma tambayi kansa dalilin kowane mataki.

Kammalawa

An ga cewa malamin jami'a ba ya dogara da ma'auni ɗaya. Yana kallon hannu da jerin matakai, yana zagaya ɗalibi tashoshi, yana karanta zanensa da littafinsa, yana bin sa fili da ma'aikata, daga ƙarshe ya zaunar da shi ya tambaye shi. Kowace hanya tana da rauninta, amma idan aka haɗa su sai wata ta rufe gibin wata. Abin da ake nema shi ne a tabbatar cewa wanda aka ba takardar shaida ana iya miƙa masa jinin majiyyaci, ko ruwan shan gari, ko irin manomi, a amince da abin da ya ce ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka wannan tarbiyya daga sakandare take farawa.

Aikin yi

1. An kama ƙwaro 30 aka yi musu alama. A kamu na biyu an samu 45, daga ciki 9 masu alama. A kiyasta yawansu, a kuma kawo abubuwa biyu da za su iya ɓata kiyasin.
2. A tsara jerin matakai mai maki 10 domin auna ɗalibin da ke gwada sitaci a cikin koren ganye. A bayyana dalilin da ya sa ba a ɗora alkohol a kan wuta kai tsaye.
3. Tsawon wata fara santimita 4 ne, zanenta kuma santimita 12. Mece ce ƙimar girman zanen?